Karas ɗin Malam Maikano

Malam Maikano ɗan mahauta ne daga Gusau, kuma har ya zo Greensboro ta Amurka a 1978 bai taɓa ɗaukar ganye a bakin abinci ba. Karatun injiniya ya kawo shi, karatu ya ƙi, ya kama aiki a wata masaƙa. Da nama Hausawan garin suka san shi. Duk Asabar yakan je wata gona a Summerfield ya yanka rago da hannunsa, ya dawo ya gasa a bayan gidansu na High Point Road. A wurinsa, naman da bai yi baƙi-baƙi ba ɗanye ne.

A 1982 wasiƙa ta zo cewa ciwon daji ya kashe yayansa Sanda. Maikano ya tsorata ƙwarai, amma bai nuna ba. Sai dai ran Asabar ya tare Garzali, wani ɗalibi mai nazarin abinci a jami'a, ya tambaye shi me ke kawo cutar.

Garzali ya ce, "Malam, dalilan da yawa. Amma research na nuna ƙonannen nama da yawan kitse na iya jawo kumburi a cikin jiki, irin wanda ba a gani. In ya daɗe, ƙwayoyin jiki kan lalace. Kayan lambu kuwa suna da antioxidants, masu rage ɓarnar. Irin su karas, kabeji..."

Ya ci gaba da bayani cewa rage haɗari kawai ake zato, ba a ma gama bincike ba. Amma Maikano ya riga ya ji "karas", ya rufe kunne. Shi mutum ne da in an ce ya sha ƙwaya biyu, sai ya sha huɗu don ya riga ciwo.

Ya daina gashi, abin da har yau wasu ba su yafe wa Garzali ba. Ya sayo injin markaɗe, ya shiga kwaso karas buhu-buhu, har mai kanti ya tambaye shi dawakinsa nawa. Kofi uku a rana, shi da matarsa Kubura. Ita ba ta son abin, amma tana sha.

Wata safiya a 1985 Kubura ta juya masa baya, ta ce da bango tana jin wani ƙulli a ƙirjinta. Kunya ta hana ta son zuwa gaban likita namiji, shi ma bai so ba. Ya ce, "Kwantar da hankalinki, muna da magani a gida." Ya mayar da kofinta shida. Da zuciya ɗaya ya yi, don yana son matar nan fiye da yadda bakinsa zai iya faɗa.

Da tafiya ta yi tafiya, tafin hannunta ya rine ya yi ruwan lemo saboda yawan karas. A wani taron suna mata suka yi ta tambayarta wa ya ƙunsa mata lalle. Matar Garzali ce ta ja ta gefe, ta ji gaskiya, ta kai wa mijinta. Washegari Garzali ya iso ko sallamar kirki babu.

"Malam, ni na ce maka karas na warkar da cancer?"

"Ka ce yana rage ɓarna."

"Kafin ta zo! In ta zo, asibiti. Na yi muku appointment, likitar mace ce."

Kubura ba ta da Turanci sosai, don haka Maikano ne tafinta. Likita ta duba ta, ta kalli tafin hannun. Sannan ta tambaya yaushe aka fara jin ƙullin, ta ce amsar na da muhimmanci.

Kubura ta dubi mijinta, ta ga gumi a goshinsa. Ta ce a hankali, "Ce mata makon jiya."

Maikano ya gane rufa masa asiri take yi, kuma likita ba za ta taɓa sani ba. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Ya ce da Turanci, "Wata takwas ne, likita. Ta faɗa mini tun ranar farko. Ni na hana ta zuwa."