Hutun Sanyin Don Hilariyo

Sunansa na yanka Ilmari Koskela, amma a unguwarmu ta bakin kogi a garin Corrientes babu harshen da ya iya juya wannan suna, sai aka mayar da shi Don Hilariyo. Bai taɓa gyara wa kowa ba. Shi dama ba mai gyara wa mutane magana ba ne, injin kwale-kwale yake gyarawa.

A arewacin Finland aka haife shi, kuma tun yana saurayi aikinsa ɗaya ne, tuƙa katafilar da ke share dusar ƙanƙara daga kan hanya. Ya share yau, gobe ta dawo, ya sake sharewa, har furfura ta fara fito masa. Da mahaifiyarsa ta rasu sai ya sayar da gidan, ya yi ta tambaya ina ne a duniya ƙanƙara ba ta sauka, har ƙafa ta kawo shi garinmu. Ya kama hayar ɗakin baya a gidan Doña Eulogia, wata dattijuwa mai sayar da chipa, ɗan burodinmu na garin rogo da cuku, wadda mijinta ya jima da rasuwa.

Zafin garinmu ya yi masa daɗi ƙwarai. Da tsakar rana, lokacin da ko karnuka sun shige ƙarƙashin motoci, kowa ya rufe ƙofa yana barci, sai ya fito da kujera tsakar gida, ya zauna cikin rana, ya lumshe ido. A ransa babu wanda ya kai shi jin daɗi. Matsalar ita ce fuskarsa ba ta nuna komai. Yadda take a wurin biki, haka take a wurin makoki.

Wata rana Doña Eulogia ta leƙo ta taga, ta ga gumi yana gangaro masa ta gefen ido. Ta kira ƙanenta Nicanor, mahaucin unguwa.

"Zo ka gani. Bawan Allah kuka yake yi."

"Yaya, gumi ne."

"Kai da ko matarka ba ka san lokacin da take fushi ba, kai ne za ka gaya mini gumi? Kewar gida ce. Ƙanƙararsu yake tunawa."

Washegari Don Hilariyo ya buɗe ƙofa ya tarar da kwano cike da ƙanƙarar da aka kankaro daga jikin firiji. Ya tsaya yana kallonta. A garinsu ba a mayar da hannun kyauta, kuma yaren namu bai zauna masa sosai ba. Ya ce, "Na gode." Daga ranar kwanon bai sake fashi ba. Maƙwabta suka shiga kawo nasu gudummawar, har firijin unguwar duk suka yi fes.

Da aka ga fuskar ba ta sauya ba, sai Nicanor ya ƙara magani. Duk ranar Lahadi yakan ja shi ɗakin sanyin da yake ajiye nama, ya ajiye masa kujera tsakanin cinyoyin shanu, ya rufo ƙofa.

"Sake jikinka, mutumina, nan gidanku ne. In ka ƙoshi ka ƙwanƙwasa."

Don Hilariyo yakan daure gwargwadon abin da ladabi ya buƙata, sannan ya ƙwanƙwasa, ya fito leɓe ya yi shuɗi. Nicanor ya ce wa jama'a ai har kalarsa ta asali ta fara dawowa.

Da hutun sanyi ya matso, wanda a ƙasarmu watan Yuli ne, Doña Eulogia ta yanke shawarar a kai shi wurin ta gaske. Nicanor ya aro tsohuwar bas ta surukinsa, rabin unguwa suka shiga, kowa da bargo da tulun ruwan zafi na shan mate, shayin ganyen da muke sha. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin dusar ƙanƙara. An gaya wa Don Hilariyo za a je yawon buɗe ido, sai ya zaci bakin teku ne, ya ɗauko gajeren wando da hular rana. Da ya ga bas ta miƙi kudu, gari ya waye tana kudu, gari ya sake wayewa tana kudu, jikinsa ya ba shi, don a ƙasarmu kudu ce wajen sanyi.

Suka isa wani ƙauye a duwatsun bayan garin Bariloche, ko'ina fari fat. Nicanor ya tsayar da mota, ya hana kowa sauka.

"Ku bar shi ya fara. Shi da ita ne."

Don Hilariyo ya sauka, sanye da rigar sanyin marigayi mijin Doña Eulogia wadda hannunta bai kai masa wuyan hannu ba. Ya tsaya, ƙanƙara har ƙwauri, iska tana yankar kunnensa. A bayansa fuskoki sun manne da gilashi. Doña Eulogia tana share hawaye tana cewa, "Ku duba, ya kasa ko motsi."

A daren farko dusar ƙanƙara ta yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa. Kafin safiya hanyar masaukinsu ta toshe, bas ta nutse har taga. Mai masaukin, wani ɗan tsamurmurin mutum mai suna Don Fermin, ya ce akwai katafila a rumfa, amma direbanta ya karya ƙafa, sai dai a jira. Don Hilariyo ya sunkuyar da kai cikin kofin shayinsa, yana fatan kowa ya manta.

Nicanor bai manta ba. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Don Fermin, ka san wanda ke zaune a gidanka kuwa? Wannan a cikin katafila aka yaye shi."

Haka Don Hilariyo ya hau. Ya buɗe hanyar masauki, sai mai kantin burodi ya roƙa a buɗe tasa, sai makaranta, sai coci. Kullum ya share, kullum ta dawo. 'Yan unguwarmu kuwa suna can suna jifan juna da curin ƙanƙara, suna ɗaukar hoto, in ya wuce su ɗaga masa hannu. Doña Eulogia ta hana kowa karɓarsa ko na ɗan lokaci, wai kada a rage masa jin daɗi. Ita kanta ta ari katakan zamiya a kan ƙanƙara, ta faɗi, ta tashi, kafin mako ya ƙare tana gangarowa daga tudu da siket ɗinta da carbinta na coci, yara suna kaucewa.

A hanyar dawowa ya tattara duk kalmomin da ya sani, ya zauna kusa da ita.

"Doña Eulogia, ni ba na son ƙanƙara. Na tsane ta. Saboda ita na bar ƙasarmu."

Ta dube shi da tausayi, ta miƙa masa chipa.

"Haka marigayi yake faɗa a kaina, Don Hilariyo. Kullum sai ya ce ya tsane ni. Amma in na je wurin 'yar'uwata na kwana biyu, ko abinci ba ya iya ci. Ci, kada ta huce."

Kafin su baro ƙauyen ashe Don Fermin ya riga ya shirya da Nicanor: duk Yuli a kawo masa mutumin nan, su kuma 'yan unguwa su kwana kyauta. Tun daga lokacin hutun unguwarmu ya rataya a wuyansa. Akwai yaran da aka haifa bayan tafiyar farko waɗanda yanzu su ne gwanayen zamiya, akwai aure biyu da aka ƙulla a cikin bas ɗin nan. Duk shekara Don Hilariyo yakan yi niyyar cewa ba za shi ba, sai ya ga mata sun fara shanya barguna a rana, sai ya je ya nemo safarsa.

Bara ya yi dabara. Ya je wurin likitan unguwa, ya ce gwiwoyinsa suna ciwo, ƙirjinsa yana nauyi, ko likita zai hana shi shiga sanyi. Likita ya ƙwanƙwasa nan, ya saurari can, ya ce ya daɗe bai ga mai shekarunsa da lafiya irin wannan ba, kuma ga dukkan alamu iskar dutse ce take karɓarsa. Don Hilariyo yana ɓalla maɓallan rigarsa, likita ya ɗan yi gyaran murya.

"Af, Don Hilariyo, bas ɗin nan taku, ko akwai sauran wuri? Ni da maiɗakina ne kawai, sai surukata."

Don Hilariyo ya ce zai tambayi Nicanor. Aka samu wuri.