Barunje da Tanar Roba

Abubuwa da yawa sun faru da ni na manta, amma ranar da yayana ya tafi kamun giwan ruwa a dam ɗin Bakolori, ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa ba na jin za ta fita daga kaina.

Mu mahauta ne, gado muka yi, kuma a kasuwar Talata Mafara teburina na jikin nasa. Yayana gwani ne a abu ɗaya da ba a yabon mutum da shi a masallaci, wato ɓoye ƙashi a cikin nama. Zai ɗauki guntun ƙashi ya lulluɓe shi da tsoka ta ko'ina, ya ɗora ɗan kitse a sama, sai mai saye ya isa gida uwargida ta warware takarda sannan a yi salati. Shi wannan yake kira iya sana'a. Na sha yi masa magana, yana cewa shi ya sa har yau ban gina bene ba.

Ana nan sai hawan jini ya kama shi, likita ya hana shi jan nama, ya ce ya koma kifi. To, kowa ya san wasan da ke tsakanin mahauta da masunta. Yayana yana da abokin wasa, wani Basarke daga wajen Maradun da ke kawo kifi kowace Talata, wanda ya daɗe yana shan gori a hannunsa. Labari na isa kunnensa ya taho har rumfarmu riƙe da tarwaɗa. Sai da ya gama gaisuwa tsaf, ya tambayi gida da iyali da ƙarfin jiki, sannan ya ce, "Barunje, an ce likita ya maishe ka ɗanmu. Ga wagga, sadaka ta, ka ci ka yi muna addu'a."

Rumfa ta kwashe da dariya. Da yayana ya dara tare da kowa da magana ta mutu a nan, amma sai ya miƙe da wuƙa a hannu ya ce, "Wallahi ba ni cin kihin da Basarke yak kama. In kihi za ni ci, da hannuna za ni kama shi, kuma giwan ruwa."

Haka ya ɗaure kansa da bakinsa. Nama an hana, kifi ya rantse. Mutumin da tun yana yaro bai san miya lami ba ya koma tuwo da kuka zalla, rigarsa ta fara yi masa yawa. Matarsa ta kama shi yana satar tsire a zaure, ta zo min da kuka. Gaskiya na ji tsoro, don ko dai yunwa ta kayar da shi ko naman sata ya kayar da shi.

Babban ɗansa da ke aiki a Legas ya ji halin da ake ciki, sai ya aiko masa da sandar fatsa irin ta zamani mai keken naɗe zare, da tanar roba manya-manya, kowace ta fi taƙi tsawo, laushi kamar hanji, da ƙugiyoyi daga ƙanana har manya. Ina zaune ya kira ya yi bayani. Ya ce, "Baba, babbar tana babbar ƙugiya take so, mai faɗin baki. Ka soka ta yadda tsinin zai kwanta dab da fatar robar. In kifi ya datsa, robar za ta lotse, tsinin ya fito ya kama shi. In ka sa ƙarama, robar za ta cika bakinta."

Yayana ya ce to, ya kashe waya, ya dube ni. "Ka ji ɗiyan zamani. Ni za a koya ma ɓoyon abu cikin nama? Kihi awa mai saye shike, in yag ga ƙashi ba shi saye." Ya zaɓi ƙugiya mafi ƙanƙanta, ya tura ta can tsakiyar robar, ya shafe wurin da babban yatsa har ba ka ganin ko alama. Na ce, "Yaya, yaron nan fa ya faɗi dalili." Ya ce in ina da dalili in je in gina bene.

Da safe muka hau babur. Kwale-kwalen da muka samu na Basarken ne, yayana ya ce rantsuwarsa ba ta hau kan jirgi ba. Mahauta kuwa suka rufe tebura suka biyo mu, Sarkawa suka bar taru, aka jeru a bakin ruwa kamar za a yi dambe.

Rana ta take, ba ko motsi. Basarke yana ta tambayarsa ko a kawo masa fura. Can wajen azahar sandar ta lanƙwashe, zare ya fara gudu. Yayana ya dafe ƙafa ya shiga ja, gumi na zuba, mahauta na kirari daga gaɓa. Ni kaina na manta haushinsa da nake ji, ina ta addu'a. Da ya jawo shi kusa, kifin ya taso saman ruwa, kowa ya gan shi: giwan ruwa ne, fari tas, girmansa ya kai cinyar bijimi. Ya girgiza kai sau ɗaya, ya buɗe baki, ya tofo tanar kamar wanda ya ɗanɗana miya ba gishiri, ya nutse abinsa.

Basarke ya jawo zaren, ya kama tanar yana latsawa daga kai har wutsiya, yana neman ƙugiya, bai ji ta ba. Ya ce, "Ara min wuƙarka." Da wuƙar fawan yayana ya tsaga robar, sai ga 'yar ƙugiyar kwance lafiya lau a ciki, ko tsininta bai leƙo ba. Ashe duk jan da aka yi, kifin ne kawai ya riƙe da bakinsa, da ya gaji ya saki.

Basarke ya ɗaga ta sama don na gaɓa su gani. Ya ce, "Barunje, shekara da shekaru kana ba bayin Allah ƙashi cikin nama. Yau ga wanda ya kamata shi ji ƙashi, shi kab ba tsoka zalla."

Dariyar da aka yi, ina jin har Bakura an ji ta. Yayana ya ciro babbar ƙugiyar ya soka yadda ɗansa ya faɗa. Muka zauna har la'asar, ko karfasa ba ta kula mu ba.

Da yayana ya ga jiki na ƙara lalacewa, ya je wurin malam, aka ce ya karya rantsuwa ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Ni na yanka naman kaffarar, kuma na tabbatar ko ɗan ƙashi bai shiga ba, yana kallo yana cizon yatsa. Talatar da ta biyo, Basarke ya kawo masa ƙunshin kifi kyauta. Ya kai gida matarsa ta warware: tsoka yanka biyu a sama, ƙasa kuwa kawunan tarwaɗa ne da ƙaya. Ya zauna ya tsotse su tas.

Tun ranar na gane cewa wayon da mutum ya saba ci da shi, wata rana shi zai hana shi ci. Yayana yana nan da ransa, yana cin kifin Sarkawa kullum. Ƙashin dai bai daina sawa a nama ba, amma yanzu a sama yake ɗora shi, mai saye ya gani.