Kosinis da rufin madafar mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da na gama aji biyu na lise, wato babbar sakandare, a Tasawa, na koma ƙauyenmu kusa da Korgom hutu, kaina ya kumbura da lissafi. Ko gaisuwa sai na saka mata Faransanci. Shi ya sa 'yan garinmu suka laƙaba mini Mushe, wato "monsieur" na Faransanci, kamar wani malamin lakwal, makarantar boko, ni kuwa har daɗi nake ji, ban san tsiya suke mini ba.

A shekarar ne mahaifina ya ƙudura zai yi wa madafar mahaifiyata rufin kwano kafin ruwa ya sauka, don ta gaji da tuƙa tuwo da tasa a ka. Katako shida ya ɗauko daga kasuwar Tasawa a amalanke, masu mita biyar-biyar. Faɗin madafar mita huɗu ne, kuma bango ɗaya ya fi ɗaya tsawo don ruwa ya gangara.

Maginin garinmu, wani dattijo abokin mahaifina, ya zo da igiyarsa zai hau bango ya auna. Na tare shi.

"Haba Baba, mi na wahala? Ai akwai kosinis."

"Ɗan wane gari ne?" in ji shi.

Na zauna na yi masa karatu. Na ce in katako ya karkata, filin da yake rufewa a ƙasa bai kai tsawonsa ba, kuma kosinis ɗin karkatar ne ke faɗin nawa ya rage. Na ƙara da cewa a fizik ma da shi ake sanin ƙarfin da ke jan amalanke gaba in igiyar ta karkace. Mahaifina ya dubi abokinsa, fuskar nan cike da alfahari, ya ce, "Bar yaron ga ya gwada, ai ba banza muka kai shi lakwal ba."

Na auna karkatar bangon da ɗan ma'aunina na roba, ta ba ni digiri ashirin. Kosinis ɗinta 0,94 ne. Maimakon in raba huɗu da shi, sai na ninka. Na samu mita 3,76, na ce a yanke.

Mahaifiyata tana tankaɗe a gefe, ta ɗago kai. "Kai, ɗan nan, ni ban yi boko ba. Amma katakon da zai hau tudu, ya za a yi ya kasa na kwance tsawo?"

"Inna, wannan siyans ne, kimiyya ke nan," na ce.

Magini ya ce a yanke ɗaya a gwada tukuna. Na ce ɓata lokaci ne. Wallahi da hannuna na riƙe masa duka shidan yana zarto.

Da aka ɗaga na farko, ya dafa bango ɗaya, ɗaya bakin yana lilo a sama, saura kusan kamu guda ya kai. Magini ya leƙo daga kan bango ya ce, "Mushe, kira Kosinis ɗin ya zo ya riƙe wancan gefen."

Mutanen da suka taru kallo suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Mahaifina ya saka takalmansa ya tafi gona. Guntayen katakon aka rufa wa awaki garke da su, kuma bunsurun gidanmu ya ci suna Kosinis har ranar da aka yanka shi.

Abin da ba na dariya ba shi ne, daminar nan duka mahaifiyata a ƙarƙashin tsohon rufin tabarma ta yi girki, hayaƙin ɗanyen icce yana sa ta hawaye. Ko sau ɗaya ba ta yi mini gori ba, kuma wannan ya fi duka zafi a wurina.

Yanzu ni ke koyar da lissafi a Mayahi. Kafin ɗalibaina su taɓa kalkileta, sai na sa sun faɗi amsar da hankali zai ɗauka. Da na fara aiki, abu na farko da na saya shi ne katako shida. Ranar da na kai su gida, mahaifiyata ta shiga ɗaki ta fito da igiyar shanyarta, ta miƙo mini.

"Fara aunawa da wannan," ta ce. "In ta yarda, sai ka tambayi abokinka Kosinis."