Yaron da Na Shanya a Rana

Shekarar da aka ba mu mulkin kai ɗana na fari ya fara tafiya, a shekarar kuma baƙin ɗigo-ɗigo ya fito masa a fuska. In ya fita tsakar gida sai ya runtse ido yana kuka. A hankali ɗigon ya zama gyambo a hanci da leɓe.

Uwarsa, wadda 'yar baffana ce, ta rataya zane a ƙofar ɗaki ta hana shi fita.

"Maigida, rana ce ba ta son yaron nan."

"Ɗan manomi? Danshin ɗakinki ke ruɓar da shi."

A bakin kogin Kwara na tashi, inda duk abin da ake gudun ruɓewarsa shanya shi ake yi, kifi ne ko fata. Da wannan sanin na yi wa ɗana magani. Da hantsi in tuɓe masa riga, in zaunar da shi a tabarma, in danne kafaɗunsa don gyambon ya bushe. Yana cewa, "Baba, zafi," ina cewa ya daure.

Da abin ya ƙi, muka hau kwalekwale, muka bi ta Illo zuwa wurin wani mai magani a ƙasar Dahome. Malfar da uwarsa ta sa masa na cire tun a ruwa. Kafin mu dawo idonsa ɗaya ya rufe. Bai isa riƙe fartanya ba muka binne shi.

Sai da na tsufa, uwarsa ta rasu, na kai jikanyata asibiti da irin wannan ɗigon. Likita ya ce a cikin kowace ƙwayar jiki akwai tsarin halitta da muka gada. Rana na ɓata shi kullum, jiki kuwa yana yanke inda ya lalace ya ɗinke da sabo. In uwa da uba duka suna ɗauke da larurar, ana iya haifar yaron da jikinsa bai iya wannan gyaran ba, ɓarnar ta taru ta zama ciwon daji.

"Maganin fa?"

"Inuwa, Baba."

Yanzu a ƙofar ɗakin yarinyar nake wuni, bayan zanen da na rataya da hannuna. Tana jin 'yan'uwanta na wasa.

"Kaka, bari in fita sau ɗaya!"

"Koma ciki, amaryata."

"Na fasa aurenka, mugun tsoho!"

Ta leƙo don ta yi mini gwalo, na ga ɗigon hancinta ya fara ruwa. Na ja zanen na rufe.