Baba Idrisa Ya Hau Dutsen

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shiga asibiti da safen nan Maryam ta kira ni, wai mahaifinta Baba Idrisa ya rasu bayan sallar Asuba.



Bahaushen Sudan ne, mai rubuta allunan shaguna a unguwar Sultana, nan birnin Annabi. Na san shi ne bayan ciwon suga ya sa an yanke masa ƙafar dama, aka turo shi sashenmu na fisiyo don ya koyi tafiya da ƙafar roba.

Ranar farko da wani tsohon littafi ya zo, na Sifaniyanci, wanda wani kwastoma ya manta a warsharsa, wato shagon aikinsa, tun da daɗewa. Zane-zanen wani ɗan ƙasar Meziko ne da ya ƙare rayuwarsa yana zana duwatsu masu aman wuta. Maryam ce ta fassara masa tarihin da waya. Ashe shi ma an yanke masa ƙafa da tsufansa, bai daina ba, har jirgin sama ya riƙa shiga yana zana duwatsun daga sama.

Baba ya ɗora yatsa a kan hoton mutumin ya ce, "Dakta, wannan dutsensa wuta yake tofawa, ya je da ƙafa ɗaya. Ni nawa Uhudu ne, mai albarka. Khalas, shi ke nan, koya mini hawa."

Na ce, "Baba, a fara da tsayuwa tukuna."

Ya sha faɗuwa. Ƙafar ta yi ta goge masa fata. Duk da haka kullum sai ya zo mini da shayi a fulas, wai ya lura ba na karyawa.

Ranar da muka kai shi Dutsen Maharba, wannan ɗan tudun da ke fuskantar Uhudu, na miƙa hannu zan tallafa masa ya ture. Ya hau da kansa, yana hutawa yana ci gaba, alhazai suna ba shi hanya. Da ya kai sama ya zauna ya buɗe kwalin fentinsa. Maryam tana ta kuka, shi kuwa dariya yake yana cewa in matsa na tare masa haske.

Daga nan bai tsaya ba. Uhudu da hantsi, Uhudu bayan ruwan sama. Yau shagon da ka shiga a layinsu sai ka ga zanensa a bango.

Ranar Talata na gan shi a warsha, yana haɗa wani jan launi. Ya ce, "Sai yanzu na samo kalar dutsen nan, Dakta. Alhamdu lillahi."

Bayan La'asar za a yi masa salla a Masallacin Annabi, a kai shi maƙabartar Baƙi'a.

Allah Ya jiƙan Baba Idrisa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Maryam da ƙannenta haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.