Mannana da Wiwin Surukinta

Tun tana 'yar shekara tara Mannana take cirar ciyawa a gonakin wiwi na tsaunin Ketama. Ta binne miji, ta aurar da 'ya'ya huɗu, duk a kan wannan ganye mai ɗan karen wari. Amma ba ta taɓa ganin ana lallashinsa ba sai da Ayyashi, mijin autarta Zuhur, ya sayo irin Turawa.

Irin gida watsa shi ake yi, a bar shi da ruwan sama. Wannan kuwa ɗan gata ne. Kullum da hantsi Ayyashi na tsugune, yana lanƙwasa reshe a hankali, ya ɗaure shi da zaren ulu a jikin turke don rana ta ratsa ko'ina. Ba yanka, ba karyawa.

"Ba ya son wahala, Lalla," in ji shi, haka yake kiran Mannana don girmamawa. "Da ya sha wuya sai ya ƙi albarka."

Tir! Ba ya son wahala, ga shan ruwa kamar raƙumi. Rijiyar gidan ta ƙafe tun tsakiyar rani. Zuhur ce ke haurowa da ruwa daga kwari, jarka biyu a gadon baya, sawu shida a yini, ga cikin wata bakwai.

"Kai Ayyashi, ba ka da ido ne? Dubi ƙafafunta yadda suka kumbura! Aro alfadarin ƙanenka mana," in ji Mannana.

"Alfadari zai tattake min shuka. Haba Lalla, ai ke ma haka kika yi, ga ki nan garau."

Haka ta yi, ba ƙarya. Ɓari biyu ta yi a wannan hanya, ba wanda ya sani sai ita. Takaici ya ishe ta, ta tofar da yawu, ta riƙa karɓar jarka ɗaya duk da ciwon gwiwarta.

Ranar wata Laraba Zuhur ta zame a kan duwatsu. A bayan motar kaya aka kai ta asibiti. Ta haifi namiji, bai zo da rai ba.

Ayyashi ya iso bayan la'asar, ya yi kuka, kuka na gaske, har Mannana ta fara jin tausayinsa. Da ya share hawaye sai ya ja ta bakin ƙofa, ya rage murya.

"Lalla, kwana nawa likita ya ce za ta yi kafin ta iya ɗaukar ruwa?"