Sarewar Baffa Mai Batir

Yaran yanzu kan danna fiyanon lantarki, goge ya fito, kalangu ya fito, sai su ɗauka jiya aka fara abin. Kai, ku rufa mana baki! Ni na haɗa nawa a Tambuwal tun zamanin Jihar Arewa, lokacin ina gyaran rediyo a bakin kasuwa.

Saboda wani dattijon Bafillace na yi shi, mutumin wajen Kebbe, mai kawo mini rediyonsa ranar kasuwa. Baffa nake ce masa, kuma ina ƙaunarsa ƙwarai. Da sarewa ya saba kiran shanunsa, sai tari ya ci ƙirjinsa, busa ta gagara. Ran nan ya ce mini, "Ɗana, shanuna sun bar sanina. Da sanda ake koro su yanzu, kamar na wani."

Maganar ta tsaya mini a rai. Na san rediyo in ya lalace yakan yi fito, in ka murɗa fiton ya hau ya sauka. Na farke matattun rediyoyi, na liƙa wayoyi da dalma a akwatin katako, na sa lasifika da abin murɗawa. Mahaucin da ke gefena har rantsuwa ya yi zai kai ni gaban alƙali saboda ƙara. Na ce ya je, ko na raka shi?

Na ɗaura akwatin a keke har rugarsu. Da taurin kaina na ce ni zan fara. Wayyo! Shanu suka ɗaga wutsiya suka watse. Baffa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai dai ba ka da kunne. Miƙo nan."

Ya riƙa murɗawa a hankali, yana ɓata yana komawa, har busarsa ta fito, siririya, tana rawa. Wata tsohuwar saniya ta ɗago kai. Ta tako, ta shinshina akwatin, ta wuce shi, ta ɗora hancinta a ƙirjin Baffa. Sauran suka biyo ta.

Hawaye na bin gemunsa, hannunsa bai bar murɗawa ba. Sautin ya fara yin ƙasa, ya dube ni a tsorace.

Na ce, "Busa abinka, Baffa. Akwai wani batir a aljihuna."